Igiyar Yaya Ɗangana

Bilyaminu maƙaryaci ne, amma na fi shi. Shi ya ɗauki hoton, ni na sa hannu a ƙasansa, alhali na san gaskiyar abin da ke cikin hoton tun ban iya ɗaura zane ba. Da hannun nan nawa na dama aka tsige matar da ta yi shekara goma sha ɗaya tana kula da ɗan'uwana. Kada wata ta rubuto mini cewa so ne ya rufe mini ido. Idona biyu na yi.

Sunana Bara'atu. Gidanmu yana Yelwa, can gangaren bakin ruwa, inda ƙaurin bandar kifi ke shiga har cikin akwatin kayan mutum. Mu uku ne a gidan tun rasuwar Baba: ni da Inna da yayana Ɗangana. Shekararsa ashirin da takwas, ya girme ni da biyar, amma tun haihuwa hankalinsa bai bi girman jikinsa ba. Kalmomin da yake faɗa ba su kai talatin ba. Ni Ata yake ce mini.

Abu biyu ne sai kun sani game da shi. Na farko, idan ya ga rana tana walƙiya a kan ruwa, tafiya yake yi ya kamo ta, bai san zurfi ba, kuma duk da ɗan masunci ne bai taɓa iya iyo ba. Na biyu, ba ya jure duk abin da zai matse masa ƙirji. Ko riga mai maɓalli aka sa masa sai ya tsinke ta. Baba ne ya samo dabara tun Yaya yana ƙarami: babban goran masunta, irin wanda suke kifa ciki a kansa su bi ruwa, a ɗaura masa a bayan ƙugu da shuɗiyar igiya, a bar jela mai tsawo wani ya riƙe. Da goran a bayansa ko ya faɗa ruwa ba zai nutse ba. Shi ma yana son abinsa. Da safe da kansa yake ɗauko shi, ya juya wa mutum baya, ya ɗaga hannuwa. Ƙullin na Baba ne, ya koya wa Inna, Inna ta koya mini.

Inna ce kuma ta koya wa Malama Halimatu, ranar da aka fara kai shi cibiyar gwamnati ta horar da masu irin larurarsa, wadda ke bakin ruwa. Malama ce shugabar wurin. Doguwa ce, mai faɗa, ba ta san shafa hoda ba, kullum da silifas ɗin roba. Mutum kusan arba'in take kula da su, suna koyon gyaran raga da bandar kifi da wanki. Duk wanda zai kusanci ruwa sai ta sa masa rigar ruwa mai ruwan lemo, wadda ke hana nutsewa. Yaya kaɗai take ɗaura wa gora, ita da kanta take riƙe igiyar.

To, a nan kunyata ta fara. Samari biyu sun zo neman aurena, duka biyun suka janye bayan danginsu sun ga Yaya zaune a tsakar gida yana wasa da murafun kwalba. Ƙanwar Baba, Gwaggo Barira, ba ta ɓoye mini dalili ba.

"Cewa sunka yi gado ne, ɗiya. Wai kada a haifa musu irinsa. Ke kuma kin zauna kina taka keken ɗinki kamar da shi za a ɗaura miki aure."

"To Gwaggo, in jefa shi ruwa ne?"

"Wa ya ce ki jefa shi? In baƙi za su zo a kai shi gidana. Mi ne ne abin wahala a nan?"

Inna ta ci gaba da tsince shinkafa. Ni kuwa maganar ta zauna mini, kuma ban ƙi ta ba. Ku rubuta wannan a cikin laifina.

Bilyaminu ya zo cibiyar bara, an turo shi daga Birnin Kebbi a matsayin mataimakin Malama. Farar shadda, hula zanna, agogo mai ɗaukar ido, turarensa yana riga shi shiga ɗaki. Abin da ya kashe ni a kansa shi ne ba ni da abin ɓoye masa: a wurin aiki ya san Yaya kafin ya san ni. Ranar da ya fara zuwa gidanmu har durƙusawa ya yi ya gaishe shi, ya ba shi murafun kwalba cikin leda. Na shiga ɗaki na yi kukan daɗi. Danginsa dai ba su san da Yaya ba. Ya ce a bari sai bayan biki, na ce to, har da ajiyar zuciya.

Wata Talata da hantsi ina guga saƙonsa ya shigo: "Gimbiya, zan zo bayan la'asar. Akwai maganar da za ta gyara mana rayuwa. Ki sa koren leshin nan."

Na sa koren leshin, na yafa farin mayafi, na shimfiɗa tabarma a zaure, na kawo masa kunun gyaɗa a kofin tangaran da ba a taɓa shi sai baƙo. Ya kurɓa sau biyu, ya miƙo mini wayarsa.

Hoton Yaya ne a bakin ruwa, an ɗauka daga gaba. Igiya a ƙugunsa, Malama tana baya ta ja ta da hannu biyu, bakinta a buɗe tana tsawa. Yaya ya karkata gaba kamar ragon da ake ja zuwa kasuwa.

Na ce, "Ina goran?"

"Bai shiga hoton ba."

"Ai a bayansa yake. Ka ga ma bakinsa nan, an yanke."

Ya yi murmushi ya karɓi wayar. "Bara'atu, gora ko babu gora, ɗaure mutum ɗaure mutum ne. A wannan zamanin? Matar nan ta tsufa a kan kujera, ba ta jin shawarar kowa. Na rubuta koke, ma'aikata uku sun sa hannu. Amma hukuma ba za ta motsa ba sai ta ji daga bakin dangi."

"Inna ba za ta yarda ba."

"Shi ya sa ban je wurin Inna ba." Ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Idan aka ba ni kujerar akwai gidan shugaba, ɗaki uku da famfo a ciki. Kawuna ya ce ranar da na zama darakta ranar za su kawo lefe. Ko kin fi son ki ƙara shekara biyu kina jin bakin Gwaggo Barira?"

Na karanta takardar. An rubuta cewa ni ƙanwarsa ce, ban taɓa sanin ana ɗaure ɗan'uwana ba sai da na ga hoton, kuma iyalinmu ba su taɓa ba da izini ba. A safiyar ranar ni na ɗaura masa igiyar, don Inna tana fama da ciwon baya. Har yatsana yana tuna ƙullin. Na karɓi biro.

Ya ce, "Sa hannunki ma kyau gare shi."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi.

Mako uku bayan nan takarda ta zo: an dakatar da Malama Halimatu, Bilyaminu zai riƙe cibiyar. Hoton ya zaga wayoyin gari, mutanen da ba su taɓa taka cibiyar ba suna ta zaginta. Ranar da labarin ya iso gidanmu Inna tana dama fura, ta ajiye ludayin.

"Malama ta ɗaure shi? Ni na koya mata ƙullin, da hannuna. Wai har sun ce wani dangi ya sa hannu. Wane dangi gare mu da ya san inda Ɗangana yake wuni?" Ta ɗaga hannu sama. "Allah ya isa tsakanina da wanda ya yi wanga aiki. Ke, ba ki ce amin ba."

Na sunkuyar da kai kan keken ɗinki na ce, "Amin."

Ban san akwai mace a garin nan da ta taɓa yi wa kanta irin wannan amin ba.

Dokar farko da sabon shugaba ya kafa ita ce babu igiya, babu gora. Ya sayo sababbin rigunan ruwa, kowa da tasa, kuma ban ce rigunan laifi ba ne, sun tsare rayuka da yawa a ruwan nan. Amma Yaya ya dawo gida rana ta farko da shatar farce a ƙirji, ya yi ta yagar rigar. Na rubuta wa Bilyaminu: "Yaya ba ya zama da rigar nan. Zai cire ta." Ya amsa: "Zai saba. Kada ki zama Malama ta biyu." Ya bi da hoton fure. Ban sake magana ba. Suka daina kai shi bakin ruwa, suna barinsa a aji yana leƙe ta taga. Inna ta je sau biyu, aka ce darakta yana taro.

Sai ranar bikin tabbatar masa da kujera. Manya uku sun zo daga hukuma, an kafa rumfa, an jera kujerun roba, an dafa shinkafa da tarwaɗa. Ni na sha atamfa ruwan zuma da gwaggwaro, ƙunshi har gwiwar hannu, aka zaunar da ni tsakanin yayyensa mata biyu da suka zo ganin amarya. Inna ba ta zo ba, ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba.

Bilyaminu ya shirya a zaga da baƙin a jirgin ruwa tare da ɗalibai goma, kowa cikin sabuwar riga, a ɗauki hoto. Ya sa Yaya a ciki da gangan, don manyan su ga wanda aka 'yanta. Na ga Elijah mai jirgi, dattijon da ya daɗe yana yi wa cibiyar aiki, ya matsa kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, wannan ɗayan a bar shi a tudu. Ko kuwa a kawo goransa."

"Tuƙi aka ɗauke ka yi, Baba Elijah, ba shawara ba."

Ana jera su za su shiga, Yaya ya hango ni. Ya fita daga layi, ya ratso rumfar har gabana, yana jan wuyan rigar da hannu ɗaya, gumi ya jiƙa masa goshi. Ya juya mini baya, ya ɗaga hannuwa.

Ya ce, "Ata. Igiya."

Babbar yayar Bilyaminu ta janye ƙafarta, ta gyara mayafi. "Ikon Allah. Amarya, kin san shi ne?"

Ku saurara da kyau, domin wannan ne abin da ya sa nake rubutun nan. Na dubi bayan ɗan'uwana, na dubi zoben da ke hannun matar, na ce, "Unguwarmu ɗaya."

Ya sake cewa, "Ata." Wani ma'aikaci ya zo ya ja hannunsa. Ya tafi yana waiwaye.

Sha ɗaya ta wuce, rana ta hau, ruwan duk ya ɗauki walƙiya. Jirgin bai yi nisa ba, muna jin ƙarar injin, muna ganin masu ɗaukar hoto a tsaye. Na ga wani abu ruwan lemo ya faɗa ruwa, yana yawo shi kaɗai. Riga ce, babu kowa a ciki. Kafin in miƙe na ga Yaya ya leƙa ta gefen jirgin da hannu a miƙe, sai na daina ganinsa.

Elijah ya kashe injin ya bi shi da kayan jikinsa. Ya nutsa ya fito babu komai, ya sake nutsawa. Ban san lokacin da gwaggwarona ya faɗi ba, ban san lokacin da na shiga ruwa har ƙugu ba, ina dai jin muryata tana cewa, "Yayana ne. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Yayana ne." A nutso na uku Elijah ya fito da shi riƙe da wuyan singileti.

Da aka kwantar da shi a kan yashi ba ya numfashi. Manyan suna ta salati, Bilyaminu yana latsa waya. Sai wata mata ta ratso mutane da silifas ɗin roba. Malama Halimatu ce. Ba wanda ya gayyace ta. Tun safe tana tsaye a gindin mangwaro bayan katanga, domin Elijah ya gaya mata za a shiga ruwa da Ɗangana, ta karɓo goran wurin Inna ta zo da shi a cikin buhu ko za a bari ta ba da shi, mai gadi ya hana ta shiga. Ta durƙusa, ta danna masa ƙirji, ta hura masa iska a baki, ta sake dannawa, tana ƙirgawa a fili. Na ƙirga tare da ita har na rikice. Can ya yi tari, ruwa ya fito ta baki da hanci, ya fashe da kuka irin na yara.

Ta zazzage buhun. Yaya ya ga goran, ya rungume shi yana rawar sanyi.

Babban cikin manyan, wani mai furfura da tabarau, ya dubi goran, ya dubi igiyar, ya dubi Malama. "Hajiya, wannan ce igiyar da ke cikin hoton?"

"Ita ce."

"Me ya hana ki yi mana wannan bayanin?"

"Na yi, a rubuce. Aka ce dangi sun ƙaryata ni." Ba ta kalle ni ba. Ta san sunan da ke takardar, an nuna mata tun ranar farko, kuma mako shida tana haɗuwa da Inna a hanya ba ta faɗa mata ba.

Bilyaminu ya kamo gefen mayafina, ya ce a hankali, "Ki yi shiru. Zan gyara komai."

Na fizge. Ba jarumta ba ce, kada ku yaba mini. Mutumin da ya ga gawar ɗan'uwansa ta tashi ba shi da sauran abin tsoro. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ce dangin. Ni na sa hannu. Babanmu ne ya fara ɗaura masa, ni ma ina ɗaura masa. Ranar da na sa hannun ma ni na ɗaura. An yanke goran daga hoton, na gani, na yi shiru, saboda an yi mini alkawarin aure."

 Yayar Bilyaminu ta ɗauki jakarta ta ce wa ƙanwarta, "Ashe unguwar tasu ɗaya ce ƙwarai."

Yaya ya kwana biyu a asibiti, ruwa ya taɓa masa huhu. Labari ya riga ni isa wurin Inna. Na same ta zaune a bakin gadonsa tana masa fifita. Na durƙusa na kama ƙafarta. Ba ta zage ni ba, ba ta mare ni ba, da ta yi da na ji sauƙi.

Ta ce, "Sa hannun na iya yahewa, yarinta ce da kwaɗayi. Amma anka ce ya zo gabanki ya juya miki baya, kinka ce unguwarku ɗaya."

"Inna, ki yafe mini."

"Ba ni kinka ce ma haka ba."

Na juya wurin Yaya. Ya kalle ni, ya miƙo mini murfin kwalba guda daga cikin na hannunsa, ya ce, "Ata." Bai san abin da na yi ba, kuma ba zai taɓa sani ba. Ba ni da wanda zan roƙa. Wanda na yi wa laifin ba ya riƙe da shi, don haka yana nan a wuyana.

Gwaggo Barira ta zo dubiya da lemo a leda, ta ja ni waje. "Ke ma da gaggawa kike. Ki bari a ɗaura auren mana, sannan ki yi gaskiyar taki." Na koma ciki wurin Yaya. Bilyaminu ya turo saƙo goma sha huɗu a kwana biyun. Na ƙarshen ya ce: "Kin kashe mu duka biyu a kan ƙwarya." Na goge lambarsa, amma na haddace ta, ga wani abin kunyar kuma.

Hukuma ta rubuta wa Malama ta dawo kan kujerarta. Har yau ba ta ba su amsa ba. Ta aiko Elijah ya gaya mini ba za ta amsa ba sai na je gidanta mun yi magana ni da ita. Mutum arba'in suna jiran wannan amsar, wani malami ne yake riƙe da wurin kafin nan. Sau uku ina zuwa har bakin layinsu in juyo.

An kori Bilyaminu daga aiki, ya bar garin a motar kifi, ba a kawo lefe ba. Ni kuma Inna ta yanke mini nawa hukuncin. Kullum da safe ni nake ɗaura wa Yaya goransa, ni nake riƙe igiyar daga ƙofar gidanmu har cibiyar, ba ta lungu ba, ta tsakiyar kasuwar Yelwa. Duk wanda ya tsaya kallo, ko ya tambaya ko bai tambaya ba, sai na ce masa, "Yayana ne." Yau kwana ashirin da shida. Inna ba ta faɗi ranar da zan daina ba.